Motar da Ke Kulle Kanta Cikin Dare

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da tashar mota ya san ƙarar: ƙas-ƙas, kamar an taka busasshen kara. Dare ya raba, babu kowa a cikin motar, makulli yana aljihun mai ita, amma ga ƙofofi huɗu sun kulle kansu, sun buɗe, sun sake kullewa, fitilun sigina suna ta ƙifce. Kafin asuba batir ya mutu murus. Da safe a nemo yara su tura, a kuma nemo bayani. Bayani kuwa ba ya wuyar samu a Birnin Kudu ko Gwaram. Wani zai ce ai a gindin tsamiya aka ajiye ta, kuma kowa ya san masu gidan. Wani zai rage murya ya ce hannu aka sa wa direban, tun da ya fara samun lodin Kano ake yi masa kallon hadarin kaji. Dattijon da ba ya son doguwar magana zai ce ikon Allah ne, ya ɗauki butarsa.

Na huɗunsu ba ya cewa komai sai ya ɗaga bonet. Shi ne rewaya, mai gyaran wayoyin mota, wanda jarinsa bai wuce mita, da filaya, da salatif, da ɗan ƙwan fitila mai wutsiyar waya ba. Tambayar da aikinsa ke tayarwa ta girmi mota da ƙarnuka, malaman tauhidi sun sha kai ruwa rana a kanta: idan Allah ne Mai yin komai, mene ne matsayin wayar da ta tsinke?

Birnin Kudu gari ne na bakin titi. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta ratsa shi, ta wuce ƙasar Gwaram ta faɗa Jihar Bauchi, a Babaldu kuma wata ta ɓalle zuwa Ningi. Motocin da ke cin wannan titi, Golf da Sharon da Homa da tsofaffin J5 masu kai kaya kasuwar Sara, mafi yawansu sun yi ƙuruciyarsu a Turai ne kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Legas. Shi ya sa ake ce musu Beljiyam. An shimfiɗa wayoyinsu don ƙasar sanyi da titi mai santsi, sai ga su cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu da ramukan damina, bayan sun riga sun ratsa hannun masu gyara biyar ko goma, kowanne ya bar ƙullinsa.

A can Turai akwai wata irin mota da ake mayar da cikinta ɗaki, da gado da firji da fitila da wurin girki, iyali su tafi yawon hutu su kwana a ciki. Ba a ganin irinta a tashar Gwaram, amma 'yan'uwanta sun cika gari. Ga motar mai tallan magani da lasifika biyu a kan rufi, wanda ke bin kasuwanni yana kwana inda dare ya same shi. Ga motar wa'azi, ga ta yekuwar rigakafi, ga ta 'yan siyasa lokacin zaɓe, ga motar asibiti da ke ɗauko mara lafiya daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu zuwa Asibitin Malam Aminu Kano. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: suna shan wuta alhali inji yana kashe.

Nan lissafi ke shigowa, kuma ba mai wahala ba ne. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, yakan ɗauki kimanin amfiya 60 na awa guda. Amfilifayar da ke jan wat 100 tana shan fiye da amfiya 8, wato in mai magani ya yi awa biyar yana kirarin maganin basir da shawara, ya sha kashi biyu cikin uku na batirin. Batirin tayar da mota kuwa ba don haka aka yi shi ba. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan, altaneta ta mayar masa nan take. In ana tatse shi har ƙasa kullum, 'yan watanni zai yi. Maganin da masu motocin kwana suka daɗe da sani shi ne batir na biyu, mai jure tatsa, wanda lasifika da fanka da cajin wayoyi za su rataya a kansa. Tsakanin batiran biyu sai a sa rile. Idan inji ya tashi, altaneta ta ɗaga wuta zuwa wajen bolt 14, rilen ya haɗe su, duka biyu su sha caji. Idan an kashe inji wuta ta sauko, ya raba su. Na biyun ya ƙare in ya ga dama. Na tayar da mota yana nan daram.

Mai rowa ko mai gaggawa yakan tsallake rilen, ya haɗe batiran kai da kai da waya ɗaya. Sai mai rauni ya riƙa tsotsar mai ƙarfi duk dare, su wayi gari dukansu a kwance. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna bolt 12.6 a mita. In ya sauko ƙasa sosai, ƙwaƙwalwar da ke kula da kulle ƙofofi a wasu motocin takan fara sambatu, ta kulle ta buɗe ba tare da an umarce ta ba. Ga aljani ɗaya nan an gano gidansa.

Akwai wasu. Wayoyin da ke shiga ƙofar direba suna bi ta cikin wata roba mai kama da maƙogwaro, tsakanin ƙofa da jikin mota. Duk buɗewa da rufewa lanƙwasa ce, motar haya kuwa ana buɗe ƙofarta sau ɗaruruwa a mako. Wata rana jan ƙarfen ya karye a cikin rigarsa, ko rigar ta tsage waya ta riƙa shafar bodi. Da yake jikin mota duka shi ne hanyar komawar wuta zuwa batir, wannan shafar kaɗai ta isa ta zama umarni: kulle! Ruwan sama ko na mai wankin mota in ya kwanta a cikin ƙofa, aikin da yake yi ke nan a ɗan makunnin da ke jikin sakata. Tsohuwar Golf 3 kuma tata dabarar daban ce, da iska take kulle ƙofofi, akwai famfo a but da siraran tiyo da ke zuwa kowace ƙofa. Tiyo ɗaya ya huje, famfon ya yi ta gurnani cikin duhu yana neman cika abin da ba ya cika.

Yadda rewaya ke farautar ɓarawon wuta abin tsayawa a kalla ne. Zai kashe komai, ya cire kan batir na baƙar waya, ya sa mita a tsakani. Motar da ta yi barci da gaske abin da take ja bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin ashirin na amfiya ba. In ya ga rabin amfiya, ya san akwai mai ido biyu. Sai ya sa yaronsa ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya, shi idonsa na kan mita, har a zo kan wanda da an zare shi lamba ta faɗi. Sau da yawa ɓarawon ba wani ƙasaitacce ba ne: ƙwan fitilar but ne mai wat 5 da ba ya mutuwa in an rufe. Yana shan kusan amfiya 10 a yini da kwana. Kwana uku, rabin batir ya tafi.

To, dattijon da ya ce ikon Allah ne, ƙarya ya yi? Ko kusa. Matsalar maganarsa ita ce gaskiya ce a kan komai. Motar da ta kulle kanta ikon Allah ne, maƙwabciyarta da ta kwana lafiya ita ma ikon Allah ne. Amsar da ta dace da kowace mota ba za ta gaya wa kowa abin da ya bambanta wannan da waccan ba. Kuma malaman da aka gada a zaurukan ƙasar nan ba su tsaya inda dattijon ya tsaya ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa Tahafutul Falasifa. A ganinsa abin da ido ya shaida shi ne auduga ta ƙone a lokacin da wuta ta taɓa ta; ido bai taɓa shaida cewa wutar ce ta yi ƙunar da ikon kanta ba. Allah ne ke halittar ƙuna a daidai haɗuwar, kuma Ya saba yin haka, amma babu abin da ya tilasta Masa. Da haka wutar Annabi Ibrahim ta zama sanyi ba tare da hankali ya rushe ba. Ibn Rushd, alƙalin Malikiyya na Kurɗuba da ya rasu a 1198, ya yi masa raddi mai zafi a Tahafutut Tahafut: wanda ya kore sababi ya kore ilimi, domin ba a sanin abu sai ta hanyar abin da yake aikatawa. In wuta ba ta da ɗabi'ar ƙuna, me ya sa ake kiranta wuta?

Ra'ayin Gazali ne ya fi shiga ƙasar Hausa, ta hannun Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai ɗan littafin nan Ummul Barahina da almajiran ilimi ke karantawa daga Kano har Timbuktu. Ya kasa hukunci uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ɗaure abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, alhali saɓawa tana yiwuwa, kuma ɗayan ba shi ne mai tasiri a ɗayan ba. Wuƙa da yanka, abinci da ƙoshi, wuta da ƙuna. Da Shehu Sanusi ya ga mota, da ya ƙara da makulli da tashin inji. Ibn Taimiyya kuwa, wanda ya rasu a 1328 kuma almajiran Izala suka fi jingina da shi, bai yarda a ce ana ƙonewa a wurin wuta kawai ba. Shi a wurinsa da wutar ake ƙonewa, domin Allah Ya halicci sababi Ya kuma sanya masa ƙarfi, sai dai babu sababin da ke cin gashin kansa, kowanne yana buƙatar mataimaka da rashin abin da zai hana.

Saɓanin na gaske ne, an cika littattafai da shi. Abin lura kawai shi ne ɗan ɗariƙa da ɗan Izala gareji ɗaya suke zuwa, kuma babu wanda a cikinsu ya taɓa roƙon rewaya ya haɗa ja da baƙar waya ya ga ko yau al'ada za ta saɓa. Wanda ya ce ɗabi'a ce da wanda ya ce al'adar Allah ce, dukansu sun yarda tartsatsi zai tashi. Shi mai cewa al'adar Allah ce ma ya fi kowa dalilin nazarinta, domin a wurinsa abin da mita ke nunawa ba halin jan ƙarfe kaɗai ba ne, yadda Ubangiji Ya ga damar tafiyar da mulkinSa ne a wannan lungu na halitta.

Inda gardamar ke tsananta shi ne cutar da ke zuwa tana tafiya. Kowane rewaya ya san ta, kuma ba ya ƙaunarta. Mota ta kwana uku tana hauka, an kawo ta gareji, ta nutsu kamar amarya. A danna rimot sau ashirin, ta amsa sau ashirin. A mayar da ita gida, dare ya yi, ta koma ruwa. Mai motar ya ce, "Malam, ka gani ko? Abin nan ba na waya ba ne, gudunka yake yi." A nan ne mutum ke jin kamar al'ada ta saɓa da gaske, sababi yana nan amma sakamako ya ƙi zuwa.

Amma wayar da ta karye a cikin riga ba kullum take rabe ba. Da rana ƙarfe ya yi zafi ya miƙe, bakunan biyu su haɗu. Sanyin asuba ya zo su ja da baya. A gareji an ajiye motar a fili mai lebur, a gida kuwa ƙafa ɗaya na kan tudu, bodi ya ɗan murɗe. A gareji ta zo da cikakken caji daga tafiya, a gida ta kwana amfilifaya na tsotsa. Shi kansa Gazali ya kawo misalin mutumin da ya shafe jikinsa da wani ma'adini da ake kira ɗalƙ ya shiga tanderu bai ƙone ba, ya nuna cewa wanda bai san sirrin ba zai ƙaryata labarin. Ashe ko a wurin malamin da ya fi kowa kare mu'ujiza, yawancin abin da ke kama da saɓawar al'ada wata al'adar ce da mai kallo bai sani ba. Mu'ujiza ta annabawa ce, karama ta waliyyai. Golf mai lodin mutum bakwai zuwa Wudil ba ta cikin ko ɗaya.

Aljanu fa? Musulmi ba ya musun samuwarsu, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. Sai dai yarda da samuwar abu daban, shaidar cewa shi ya aikata wani aiki a daren Talata daban. Suratul Isra'i ta hana mutum bin abin da ba shi da ilimi a kansa, Suratul Hujurati ta yi kashedi da yawan zato. Aljani dai ba zai kai ƙara ba. Amma zancen an sa hannu yana da wanda yake faɗa wa a ka: abokin layi a tasha, ɗan'uban da aka raba gado da shi, kishiyar uwa. Zumunci ya sha tsinkewa a kan abin da ɗan guntun waya da dalma za su ɗinke. A wannan ma'aunin, wanda ya fara kai motarsa wurin rewaya kafin ya fara lissafa maƙiyansa ya fi kusa da tsantseni.

Batun batir na biyu ma yana da nasa malamai. Buhari ya ruwaito cewa wasu mutanen Yaman sukan taho aikin Hajji babu guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka kuma su kama roƙo. A kansu ne umarnin yin guzuri ya sauka a Suratul Baƙara. Hadisin mai raƙumi da Tirmizi ya kawo kowa ya san shi: ɗaurewa tukuna, dogaro yana tare da ita. Mai maganin da ya tatse batirinsa ɗaya tilo a kasuwar ƙauye, magariba ta yi yana neman masu turi, ya bi sawun mutanen Yaman ne, tawakkalinsa a kafaɗun wasu ya sauka.

Sai dai kada a ɗauka rewaya waliyyi ne. Kalmar ƙaddara a bakinsa ma tana da daɗi, musamman in aiki ya ɓaci. Fis ɗan ƙaramin abu ne da aka yi shi don ya mutu: in wuta ta wuce kima ya narke, waya ta tsira. Kowanne da launinsa, ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan yana yawan ƙonewa, faɗa yake yi cewa akwai shot a wani wuri. Mai gyaran da ya gaji da nema yakan cusa mai 30 a gurbin mai 10, ko ya naɗa silin waya, ko takardar azurfa ta kwalin sigari. Mota ta yi shiru, mai ita ya biya yana godiya. Haka wanda ya ja doguwar waya daga batirin gaba zuwa na baya ta ƙarƙashin kujeru bai sa fis a kusa da kan kowane batir ba, alhali wayar daga ɓangarori biyu take da wuta. Ranar da ƙarfen kujera ya cinye rigarta, jan ƙarfen zai yi ja kamar garwashi tun direba bai sami gefen titi ba. A taru ana watsa ƙasa, ana salati, ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Fiƙihun Malikiyya bai karɓi wannan uzuri da sauƙi ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan kowane zauren karatu a Jigawa ke da shi, masu sana'a lamuni ne a kansu game da kayan mutane da suka keɓanta da su, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Maɗinki, marini, maƙeri, in kaya ya salwanta a hannunsa sai ya biya, sai fa in an sami shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Dalilin malamai shi ne maslahar jama'a: mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu, in aka bar kowane mai sana'a ya ce Allah ne Ya kawo, dukiya za ta ƙare. Abin sha'awa, wannan Risalar ce dai ta buɗe da babin aƙida inda ta tabbatar da imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta. Marubuci ɗaya, littafi ɗaya, bai ga karo tsakanin shafin farko da babin lamuni ba. Ƙaddara abin rarrashin wanda masifa ta faɗa wa ce. Ba a ba wanda ya naɗa takardar sigari ita don ya yi garkuwa ba.

Mai motar ma yana da nasa kason. Shi ne ke cewa a yi masa na wucin gadi zai dawo ran kasuwa, ba kuwa zai dawo ba sai da igiyar ja. Shi ne ke jin rile da fis biyu da waya mai kauri sun yi tsada in an kwatanta da siririyar wayar da za a samu a nan kusa, ba sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ba.

A ƙarshen yini, idan an dace, rewaya zai zame robar ƙofar direba ya riƙa jan wayoyin ɗaya-ɗaya, har ɗaya ta miƙe a hannunsa kamar danƙo, alamar cikinta ya rabu. Zai yanke, ya ƙara sabon guntu mai ɗan tsawo don mahaɗar ta kauce wa wurin lanƙwasa, ya ɗiga dalma, ya naɗe. Ya gwada makulli, ya gwada rimot, ya sake sa mita ya ga lamba ta kwanta. Mai motar ya tambaya, "To, Malam, yanzu ta warke ke nan?" Ya ce, "In Allah Ya yarda, Alhaji." Ya goge hannu da tsumma, ya ƙara da cewa, "Amma yau a sake ajiye ta a gindin tsamiyar nan, daidai inda ta saba kwana. In ta yi motsi, kada a taɓa komai, a aiko yaro ya kira ni."